Inabin Baba a Ƙasar Yarbawa



Tun ranar da na kawo ɗan kwanon inabi wurin taronmu na wata-wata, mutane ke tare ni a masallaci da kasuwa suna tambaya: wai da gaske a gidanka ka noma shi? A nan Kurmi? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta labarin gaba ɗaya, har da wautar da na tafka, don kada wani ya maimaita ta.

Ni mutumin Hunkuyi ne, a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna. Duk wanda ya san yankinmu ya san ana noman inabi sosai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da 'yar garka a bayan gari mai rumfunan inabi. Sai dai ni ban koyi aikin ba. Tun ina saurayi na biyo motar shanu na taho kudu, nan na yi aure, nan aka haifi 'ya'yana, har Allah ya hore mini na gina ɗan gida a wajen Moniya. Abin da na iya game da inabi shi ne ci.

Da Baba ya rasu, rabon gado ya sa dole a sayar da garkar, domin muna da yawa. Ranar da zan dawo bayan sadakar arba'in, damina na ƙarewa, daidai lokacin da ake yi wa inabi aski. Kawuna, wanda ya daɗe yana aikin tare da Baba, ya zaɓo rassa takwas da suka ƙosa har ɓawonsu ya yi ruwan ƙasa, kaurin kowanne kamar fensir, mai gaɓa huɗu-huɗu. Ya yanke gindin a miƙe, ya yanke saman a karkace, ya ce: "Don kada ka dasa shi kai a ƙasa, domin na san halinka." Ya naɗe mini su a jiƙaƙƙen buhun algarara. Haka na rungumo su har Ibadan.

Na cusa su a ledojin reno, ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, gaɓa biyu a binne, biyu a waje, na ajiye su a inuwa. Biyar suka yi toho, uku suka kai lokacin dashe. Da ruwan farko ya sauka a watan Maris na haƙa ramuka na dasa su a tsakar gida. Ɗaya na sa shi a kwari, inda ruwan kwano ke taruwa. Kafin ƙarshen Yuni saiwarsa ta ruɓe, domin inabi ba ya son ƙafarsa ta kwana a ruwa. Na biyu kuwa, akuyar maƙwabta ta yi rana da shi. Saura ɗaya.

Wannan ɗayan sai na ɗauki son duniya na ɗora masa. Duk reshen da ya fito, murna nake yi. Ya fitar da rassa wajen bakwai daga gindi, wasu na jan ciki a ƙasa, wasu sun kama tagar kicin. Har wasu 'yan furanni ya yi, na kira yara na nuna musu, na ce ga inabin kakanku nan tafe. Uwargida ta ce, "Maigida, anya ba a rage masa ganyen nan?" Na ce mata wa zai sa wuƙa a jikin abin da Baba ya bari?

Daga nan damina ta yi nisa. Kun san ruwan nan ba irin namu ba ne. A gida wata biyar ya ɗauke, a nan kuwa daga Maris ko Afrilu sai Oktoba, ga raɓa, ga iska mai laima. Sai ganyen ya fara yin ɗigo-ɗigon rawaya kamar an ɗiga masa mai, bayansa kuma fari kamar an barbaɗa gari. Ganye ya yi ta zuba. 'Yan 'ya'yan da ya ɗauka suka yi baƙi suka bushe. Da damina ta ƙare, abin da ya rage shi ne tarin rassa sirara kamar tsinken tsintsiya, babu ko ɗaya mai ƙwari.

A makon nan ne ƙanena ya bugo waya yake gaya mini wanda ya sayi garkar ya tumɓuke inabin kaf, zai shuka masara. Na fito tsakar gida na tsaya a kan wannan abin tausayi. A duk duniya, shi kaɗai ya rage daga inabin Baba, ga shi kuma yana neman mutuwa a hannuna.

Na ɗauki hoto na aika wa Kawu. Bai ɓata lokaci ba ya kira.

"Ɗana, kana da aska mai kaifi?"

Na ce, "Akwai, Kawu."

Ya ce, "Ka zaɓi reshe ɗaya da ya fi kauri, ka ƙirga ido biyu daga gindi, ka datse. Sauran duka ka cire su."

Na ce, "Kawu, shi ke nan fa ya rage. In ya mutu fa?"

Ya ce, "In ka bar shi haka ma mutuwa zai yi, sai dai a hankali. Kwaɗayinka ne ya kai shi nan. Shekarar farko ba ta ci ba ce, ta gina jiki ce. Babanka da hannunsa yake tsinke furen farko ya zubar."

Kwana uku ina ɗaukar askar ina ajiyewa. A rana ta huɗu bayan sallar asuba na yi bisimilla na yanke. Abin da ya rage bai kai tsawon yatsana ba. Autana ya fito ya gani, ya ruga yana cewa Baba ya kashe inabin Kaka. Ni ma a raina abin da nake tsoro ke nan. Kusan mako biyu ina ba shi ruwa, ba na son ma in kalli wurin. Sai wata safiya na ga idanun biyu sun kumbura sun fashe.

Daga nan na bi maganar Kawu sau da ƙafa, kuma ita ce zan ba duk mai son gwadawa. Da tohon biyu suka kai kamar taƙi guda, na bar mai ƙarfin, na cire ɗayan. Na kafa gora kusa da shi, ina ɗaure shi da tsumma, sako-sako, don waya ko igiyar roba na shaƙe shi idan ya yi kauri. Kowane mako ina bi ina tsinke ƙananan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, don ƙarfin duka ya tafi sama. Na kafa dirkoki na ja waya, na yi rumfa mai tsawon mita 2. Da ya kai rumfar na tsinke kansa, ya fitar da rassa, na bar biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Su ne hannayensa na dindindin, daga jikinsu rassan 'ya'ya ke fita. Duk furen da ya leƙo a wannan shekarar na tsinke shi, raina na sosuwa.

Maganin cutar ganyen kuwa, a wurin maƙwabcina na same shi, wani dattijo Bayarabe tsohon manomin koko. Ya leƙo ta katanga ya ce irin wannan laimar ce ke ɓata musu koko, ya nuna mini maganin feshi mai sinadarin tagulla da suke amfani da shi. Na riƙa fesawa a tsakiyar damina bisa ƙa'idar da ke jikin ledar, ina kuma rage ganye don iska ta ratsa.

Babban sirrin a nan kudu shi ne lokaci. A ƙasashen sanyi inabi na zubar da ganye ya yi barci da kansa. A wurinmu ba ya barci, askin ne ke gaya masa lokacin haihuwa ya yi. Daga aski zuwa nuna kuwa wata huɗu ne zuwa biyar. Don haka na jira sai ƙarshen Oktoba, da ruwa ya ja baya, na datse rassan da suka ƙosa, na bar wa kowanne 'yan idanu, na zuba taki, na riƙa ban ruwa da bokiti. Ya yi fure a rani, babu ruwan sama da zai kakkaɓe shi. Da 'ya'yan suka fara sauya launi na rage ruwa don kada su fashe, na lulluɓe rumfar da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye. A kuma kula: inabi ba ayaba ba ne, ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Sai an ɗanɗana an ji zaƙi a yanka.

A ƙarshen Fabrairu na yanki nono goma sha ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙanana ne, masu ƙwallo, da ɗan tsami-tsami. Ba su kai girman na cikin roba da ake sayarwa a kan titi ba, kuma yarana ba su ɓoye mini hakan ba. Amma da na sa ɗaya a baki, ɗanɗanon garkar Baba ne sak. Na kai wa dattijon maƙwabcina nono biyu, na kawo muku kwano guda, sauran muka cinye a gida. Kawu kuwa da ya ga hoton cewa ya yi hannun yamma ya fi na gabas tsawo, in gyara.

Yanzu abin da ke raina shi ne kada inabin ya sake zama guda ɗaya. Idan Allah ya kai mu ƙarshen Oktoba zan sake yi masa aski, kuma rassan da za su fita sun ishi mutum goma ko fiye. Duk mai ɗan fili a gidansa, inda rana ke bugawa sosai kuma ruwa ba ya kwanciya, ya yi mini magana a taro. Kyauta ne. Sharaɗina ɗaya: ya tanadi gora da tsumma da aska, kuma ya yi alkawarin ba zai ɗanɗana komai ba a shekarar farko.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya albarkaci zamanmu a nan, ya bar zumunci.