Fast question da sauran Turancin waya

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, akwai saƙon da ba ya rasa yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban ƙasar Makarfi: wa yake da "fast question" na lissafi ya turo? Tambayoyin shekarun baya yaron yake nema, waɗanda Bature ke kira "past questions", kuma babu wanda ya taɓa ruɗewa a kan abin da yake nufi. Kafin ka ce kwabo an turo masa. Sai dai ba a rasa mutum ɗaya a zauren, galibi wanda ya ɗan ɗanɗana karatu a Zariya, da zai manna hoton dariya ya tambaya ko tambayar gudu take yi, ko kuwa azumi ta ɗauka. Kowa ya dara. Shi kuma yaron daga ranar sai ya koma aika saƙon murya, ko ya yi gum har a gama jarrabawar.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Bakin Bahaushe bai raba "p" da "f" ba. Sauti guda gare mu a wurin, kuma duk kalmar Turancin da ta shigo Hausa ta wannan ƙofa ta bi: fensir, famfo, fasinja, fetur, fakiti, firamare. Yaron da ya tashi a Nasarawan Doya ta ƙasar Makarfi yana jin waɗannan tun yana goye, da wane kunne zai ji "past" daban? Ga kuma wasula. Namu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu. Na Turancin Ingila sun kusa ashirin. Saboda haka "first" da "fast" da "past" duk ukun suka narke suka zama "fas" a bakinmu, yatsa kuma abin da kunne ya ba shi yake bugawa. Wanda aka taɓa yi wa dariya wani lokaci sai ya wuce gona da iri, ya bi duk "f" ɗin da ya gani ya mayar da shi "p", ka ga an rubuta "my pamily" a ƙarƙashin hoton sallah.

Akwai wani rukunin da kunne bai da hannu a ciki. "Borrow me your charger" ita ce sarauniyarsu. Mu da tushe ɗaya muke yin duka biyun: ara mini, na ara masa, na aro. Haka ranta mini, na ranto. Bature ya raba mai bayarwa da mai karɓa ya ba kowa kalmarsa, mu kuwa ƙarshen aikatau muke murɗawa. Wanda ya rubuta yana "hearing" ƙanshin miya, ko yana "drinking" rake, Hausa ce tsagwaronta ta sa kwat da lakataye. Kuma gaskiyarsa, a ƙasar da rake ya zama arziki, wa ya taɓa cewa ya ci rake?

Abin da masu gyaran ba su cika faɗa ba shi ne su ma masu harshen suna tuntuɓe, a wasu wuraren ne kawai daban. Ɗan Ingila da ɗan Amurka kullum suna cikin cakuɗa "their" da "there", "your" da "you're", "its" da "it's", domin su ma da kunne suka fara koyo. Rubutun Turanci ya fara daskarewa bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, a daidai lokacin da furucin wasulan harshen yake ta sauyawa. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya. Daga baya Noah Webster ya fitar da ƙamusunsa a Amurka a 1828, ya dasa wa mutanensa nasu salon rubutun, shi ya sa har yau waya take ja wa "colour" jan layi idan an saita ta a kan Turancin Amurka. Iyakar daidai da kuskure ma tana motsi. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "next tomorrow", wato jibi, wadda malamai suka shekara suna zane yara a kanta, da kuma "Kannywood". Farfesa Farooq Kperogi ya daɗe yana rubutu kan waɗannan abubuwa a jarida, kuma mai bin rubutunsa ya san akwai bambanci tsakanin salon Turancin ƙasa da kuskure zalla.

To, daidaita Turanci a waya yana da amfani ko babu? Ni a ganina a fara tambayar wa zai karanta, da kuma me za a rasa idan bai gane ba.

Dubi sanarwar rasuwa a Facebook. Saurayi ya dawo daga maƙabarta, ƙura ba ta bar ƙafarsa ba, ya rubuta "We loose our father this morning." Jama'a suka yi ta jerowa a ƙasa: Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba ku haƙuri. Can tsakiya sai ga wani ya sa ɗan tauraro ya rubuta "lost", ko gaisuwa babu. Ta fuskar nahawu ya yi daidai. Ta fuskar tarbiyya kuwa, da a zauren makoki ya yi haka, da dattawa sun tambayi ɗan gidan waye. Duk wanda ya karanta ya gane an yi rashi, saƙon ya isa, kuma ba shi ne ranar koyon Turanci ba.

Ko ka dubi ciniki. Manomi yana da masara ko mazarƙwaila, mai saye yana Legas ko Fatakwal, Hausarsa ba ta da yawa. Dattijon ya miƙa wa ɗan ƙanensa waya.

"Kai, ɗan nan, gaya masa kaya sun haɗu, in ya shirya ya turo."

"To, Kawu. Nawa zan ce masa?"

"Rubuta masa da lamba. Kada ka rubuta da Turanci."

Yaron zai buga "Goods is ready for sell sir", ya bi da farashi da adadin buhuna cikin alƙaluma, ya ɗora hoton kayan. Jimlar nan malamin Turanci zai yi mata jan biro sau biyu, amma ciniki zai faɗa, kuɗi su shigo. Dattijon da bai zauna a aji ba ya san inda haɗarin yake. "Fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty", a waya kusan ɗaya suke a kunne, kuma tsakaninsu akwai asarar da za ta iya cinye noman shekara. Nahawun bai dame shi ba. Sifili ɗaya da ya ɓace shi ne zai hana shi barci.

Inda abin yake zama da gaske shi ne inda mai karatu bai san ka ba. Takardar neman aiki da ta fara da "Am writting to apply" tana faɗawa hannun wanda ke da ɗaruruwa irinta a gabansa, yana neman dalilin rage su. Bai san ƙwazonka ba, bai san gidanku ba, layin farko kawai ya gani. Jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit a Turanci, ko da kuwa Hausa ko Larabci zai karanta a mafi yawan wurare. Ɗaliban makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, gobe su ne za su riƙa rubutu a katin marasa lafiya, inda "hypertension" hawan jini ne, "hypotension" kuma faɗuwarsa, haruffa biyu ne tsakani, maganinsu kuwa hannun riga. Wanda ya saba da "ai an gane" a hira, hannunsa zai iya kai shi can ba tare da ya lura ba.

Mafi tsanani duka ita ce kwamfuta, don ita ba ta san "ai an gane" ba. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN kafin rajista, bankuna kuma suna gwama sunan da ke BVN da na katin ɗan ƙasa. Mu ga mu da suna ɗaya mai fuska uku: Muhammad, Mohammed, Muhammed. Abdullahi da "l" biyu a takardar firamare, da ɗaya a ta sakandare. Sa'adatu a nan da ɗan waƙafinta na sama, a can babu. Yawanci ma ba mai sunan ne ya rubuta ba, wani ne a shagon cike fom ya buga yadda ya ga dama, mai sunan yana tsaye bai duba allon ba. Gyaransa sai takardar rantsuwa a kotu, da kuɗin mota zuwa birni, da jira. Harafi ɗayan nan ya fi duk "their" da "there" na duniya tsada a ƙauye, amma ban ga masu sa tauraro suna wayar wa kowa da kai a kansa ba.

Idan gardamar ta tashi a Facebook na Hausawa, kashi biyu ake rabuwa. Wasu su ce Turanci ba shi ne ilimi ba, harshe ne kawai, Sinawa da Jamusawa da harshensu suka ci gaba. Gaskiya ne, amma Sinawa ba da Turanci suke rubuta jarrabawar shiga jami'a ba, mu kuwa da shi muke yi. Kuma ka lura, da yawa cikin masu wannan magana 'ya'yansu suna makarantun kuɗi a Kaduna ko Abuja inda ake cin tarar yaro in ya yi Hausa. Ɗaya ɓangaren kuma sun mayar da kuskuren mutum abin nishaɗi, su ɗauki hoton rubutunsa su yaɗa. Idan ka tona, ba fahimta ce ta dame su ba, so suke a san wace makaranta suka yi. Duka biyun sun bar yaron Nasarawan Doya a inda suka same shi. Na farko ya ce masa ba ya bukata, na biyu ya sa shi jin kunyar gwadawa.

Ba a kuma tambayar daga ina ya samo Turancin nasa. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare na jihar Kaduna kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da ita, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, kuma kowa da nasa ra'ayin har gobe. Amma ko me mutum ya ɗauka, yaran da suka zauna a azuzuwan wancan lokaci su ne samari da 'yan matan da ke riƙe da waya yanzu. A gida Hausa, a gona Hausa, a kasuwa Hausa, a masallaci Hausa da Larabci. Turanci sai minti arba'in na darasi, daga bakin wanda shi ma haka ya same shi. Wayar nan da ake yi masa dariya a cikinta, ga da yawansu ita ce wuri na farko da suka taɓa rubuta jimlar Turanci don ransu, ba don malami ya sa su ba. Mai son gyara da gaske yana da hanyar saƙon sirri, kuma yara sukan karɓa hannu biyu idan ba a gaban jama'a aka yi ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda tauraron gyara ba ya taɓa sauka a ƙarƙashin Hausa. Mutumin da ya kama "loose" ɗazu, duba nasa rubutun: "yazo", "nagode", "munje", "xan xo". Ya haɗe wakilin suna da aikatau, ya ɗauko harafin da babu shi a abacadar Hausa. Ya rubuta "mun yi baki" ka rasa baƙi suka zo masa ko sa baki aka yi. "Kasa" ɗaya ta tsaya wa ƙasa da gazawa da macijiya. "Ya bata" ko ya ɓata ne, ko ya ba ta, sai mai karatu ya yi ta lalube. Waɗannan sun fi "fast question" ruɗarwa nesa ba kusa ba, domin suna sauya ma'ana da gaske. Kuma ƙa'idojin nan ba daga wata uwa duniya aka kawo su ba. A Zariya, nan kusa da mu, aka yi yawancin aikin daidaita rubutun boko, a Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East a shekarun 1930, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Dattawan da suka yi yaƙi da jahilci sun fi jikokinsu masu digiri iya raba kalma.

Da a ce fahimta ce ke sa mutane gyara, da Hausar za su fara yi wa, tunda ita ce aka fi rubutawa a zaurukanmu, ita ake tura sanarwar ɗaurin aure da ita, da farashin taki, da cigiyar akuyar da ta ɓata. Amma kuskuren Hausa ba ya rage wa kowa daraja a idon abokai, iya ta kuma ba ya ƙara wa kowa, shi ya sa aka bar ta kara zube. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne waya ba ta da haruffa masu lanƙwasa. A zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli, lokacin da saƙo ɗaya bai wuce haruffa 160 ba kuma kowanne da kuɗinsa, uzurin ya karɓu, daga can ma "slm" da "ykk" da "lfy" suka samo asali. Yanzu kuwa allon rubutu na Gboard da ke kan yawancin wayoyin Android yana da Hausa a jerin harsunansa, da ƙ da ɗ da ɓ duka, kyauta, kuma saita shi bai kai wahalar sa kati a waya ba.