Na je buga ƙwallo a Amurka, na dawo da ramin minti arba'in a kaina

1/ Jiya a majalisa wani yake cewa ƙwallon Amurkawa wasan ragwaye ne, wai ƙatti sun ɗaura katifa a kafaɗa sun kifa kwano a ka suna ture-ture. Dariya kawai na yi. Na buga wasan nan kaka guda, kuma har yau akwai wajen minti arba'in na rayuwata da ban san inda suka shiga ba. Ku gyara zama. Zare 🧵

2/ Agustan 2010 ne, ina ɗan shekara 16. Na samu shiga shirin musayar ɗaliban sakandare, shekara ɗaya a Amurka. Ni da nake mafarkin dogayen benaye, sai aka sauke ni a wani ɗan mitsitsin gari a jihar Iowa. Gabas masara, yamma masara, kudu waken suya, arewa gidan aladu. Wallahi unguwarmu a Zariya ta fi garin jama'a.

3/ Ranar rajista aka miƙo min takarda in zaɓi wasan da zan shiga. Ina ganin an rubuta futbol na danna masa biro ba tambaya. Ni fa lamba 7 ne a filin unguwa, har Ronaldo ake ce min. Na ce yau Turawan ƙauye za su ga yanka.

4/ Da yamma na isa fili da ɗan gajeren wandona da takalmin da na sayo a kasuwar Sabon Gari. Sai na tarar da wasu halittu, kowa da kwalkwali mai ƙarafa a fuska, kafaɗa kamar ƙofar gareji, suna gwara kai kamar ragunan layya. Ashe tamu ƙwallon a Iowa sai bazara ake buga ta a makarantu, kuma sunanta ma daban.

5/ Na juya zan sulale, koci ya kira ni. Yana jin daga Najeriya nake idonsa ya kawo haske, ya hau ba ni labarin Christian Okoye, ɗan Enugu da bai fara wasan ba sai yana da shekara 23, amma a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL gaba ɗaya. Sai ya dube ni sama da ƙasa, ni da kilo 58, hasken ya mutu.

6/ Amma dai ya ajiye min ƙwallon, mai siffar gwanda, ya nuna wasu sanduna biyu dogaye ya ce in buga ta wuce tsakaninsu. Na buga ta wuce. Ya ja da baya yadi goma, ta wuce. Ya sake ja, ta wuce. Ya cire hula ya sosa kai. A ranar na zama mai bugun tim ɗin.

7/ Bari in ɗan yi muku bayanin wasan, don na san da yawa gani kuke kamar rikicin tasha ne. Kowane ɓangare mutum 11. Tsawon fili yadi 100, yadi dai irin na 'yan Kantin Kwari. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10 gaba. In sun ci, a sabunta musu huɗun. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya.

8/ In ka kai ta can ƙarshen gidansu, maki 6, shi ne tocdawun. Sai mai bugu ya shigo ya ƙara 1. In an kasa isa amma an matso kusa, mai bugu ya harba ta tsakanin sanduna, maki 3. Kuma shi ke buɗe wasa da dogon bugu. Aikina ke nan kaf. Wani lokacin a wasa guda ba na minti biyu a cikin fili.

9/ Abin da ba a gani a talabijin shi ne karatun. Akwai littafi guda na dabaru, kowace dabara da sunanta da lambarta, kowane mutum da inda zai taka. Yaran da na raina da cewa ƙarfi ne kawai gare su, sun haddace shi kamar yadda muke haddace allo. Mutum ɗaya ya manta, a take kwatabak ɗinku a ƙasa.

10/ Ga shi azumi ya kama a daidai lokacin da ake atisaye sau biyu a rana, safe da yamma. Ba a shan ruwa sai bayan ƙarfe 8 na dare, sama da awa 15. Zafin Iowa a Agusta irin mai danshin nan ne, kamar Legas. Ka sa kwalkwali a ciki ka ji. Kowa ya ruga wajen tiyon ruwa, ni in koma gindin sanda in zauna.

11/ A shekarar ne wata makaranta a Dearborn ta jihar Michigan, inda yawancin 'yan wasan Musulmi ne, ta mayar da atisayenta tsakanin 11 na dare da 4 na asuba saboda azumi. Koci ya nuno min labarin ya ce, su suna da yawa, kai kai kaɗai ne, amma na yafe maka gudun ƙarshe. Na gode masa, amma ban daina gudun ba. Girman kai.

12/ Na kira gida. Umma ta ce, "Kai yaron nan, me kake yi bayan makaranta?" (Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.) Na ce ƙwallo nake bugawa. Ta ce, "Can ma? To Allah ya shirye ka." Ban yi ƙarya ba ai, ko? Haka na riƙa gaya wa kaina.

13/ Sallah ta faɗo ranar Juma'a, 10 ga Satumba. Matar da ke riƙona, ma'aikaciyar jinya ce, ta ɗauki hutu ta tuƙa ni tun duku-duku zuwa Cedar Rapids na yi idi. Har ta kai ni na ga wani ɗan masallaci da aka gina tun 1934. Da daddare kuma muna da wasa a gida.

14/ Daren Juma'a a ƙananan garuruwan nan sai wanda ya gani. Kantuna su rufe, tsofaffi su zo da barguna, 'yan badujalar makaranta na kaɗawa, fitilu kamar rana. Muka ci tocdawun, koci ya daki kafaɗata ya ce shiga.

15/ Mutum uku ne ke yin bugun nan. Ɗaya ya cillo ta baya ta tsakanin ƙafafunsa, ɗaya ya cafe ya kafa ta a ƙasa ya juya ɗinkin ya kalli gaba, kai kuma ka riga ka taso. Duka cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, ƙatti 11 na tahowa kanka. Taku uku baya, biyu gefe, bismillah. Ta wuce. Na ji mai lasifika ya murɗe sunana har ban gane shi ba. Sallar da ban ci tuwo ba amma ban manta ta ba.

16/ Matsalar ita ce mai bugu ba cikakken ɗan wasa ba ne a idonsu. Suna so na, ba ƙiyayya, amma akwai tsiya. Bayan wasa kowa rigarsa ta yi kaca-kaca da ciyawa da jini, tawa fes kamar an goge. Wani ƙato ɗan manomi kullum sai ya shinshina ta ya ce har yanzu ƙamshin sabulu take. Abin yana ci na fiye da yadda nake nunawa.

17/ Sai wani dare a Oktoba, a garin wasu, sanyi har hayaƙi na fita a baki. Na buga buɗe wasa bayan hutun rabin lokaci. Yaron da ya cafe ya keta mutanenmu goma kamar wuƙa a kabewa. Saura ni kaɗai tsakaninsa da maki 6.

18/ Tun ranar farko koci yake nanata abu ɗaya: ɗaga kai, ka ga abin da za ka daka, kafaɗa ake sawa. Ni kuwa na rufe ido, na sunkuyar da kai kamar rago, na tafi. Kwalkwalina ya haɗu da gwiwarsa.

19/ Abin da na riƙe: wani haske rawaya, da ƙara a kunne irin ta tsohuwar talabijin. Sai ƙaton nan ya ɗaga ni sama yana ihu, yana nuna wa mutane ciyawar da ke rigata. Mai kula da raunin 'yan wasa ta zo ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ta tambaye ni wane gari muke, na ci sa'a allon filin na bayanta, na karanto.

20/ Daga nan sai na gan ni a motar makaranta muna hanyar gida, ana waƙa. Aka ce mun ci. Aka ce na ƙara buga biyu. Na ce eh mana, ina dariya. Ban san an yi ba.

21/ Kwana huɗu na ɓoye. Kai na sara kamar ana daka sakwara a ciki. Fitilar aji ta zame min azaba. Na yi amai a banɗakin makaranta na wanke baki na koma darasi. Lissafina shi ne saura wasa biyu, yanzu na samu shiga cikin maza, in na yi magana benci zan koma. Litinin da Talata duk na je atisaye.

22/ Abin da ya tsorata ni ba ciwon ba ne. Daren Talata na tayar da sallar isha'i, na gama Fatiha, na kama wata gajeriyar sura da na haddace tun ina ɗan shekara shida a makarantar allo. Na kai tsakiya sai wayam. Na koma farko, wayam. Na tsaya a kan dadduma ban san ko raka'a ta nawa nake ba. Na zauna na yi kuka, a hankali don kar a ji.

23/ Duk da haka ban faɗa ba fa. Ita ta kama ni. Da safe wajen karin kumallo na tambaye ta yau wace rana ce, ta ba ni amsa. Ashe sau uku na yi tambayar. Ta ajiye kofinta, ta haska min ido da ɗan tocilan, ta ce ɗauko rigar sanyinka.

24/ Likita ya ce girgizar ƙwaƙwalwa ce. Ya yi min bayanin da har yau nake ba mutane: kwalkwali ƙoƙon kai yake karewa kada ya fashe. Ita ƙwaƙwalwa tana iyo ne cikin ruwa a ciki, in kai ya tsaya farat ɗaya sai ta bugi bango. Ba hular da ke hana wannan. Kuma ba sai ka suma ba.

25/ Sannan ya ce abin da ya fi tsoro shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Ba kasafai ba, amma yana sa ƙwaƙwalwa ta kumbura nan take, kuma matasa ya fi kamawa. Wasu ba sa tashi. Na tuna atisayen Litinin da Talata, jikina ya yi sanyi.

26/ Hukunci: ba wasa, ba kwamfuta, ba talabijin, sai ɗaki mai duhu. Kakata ta ƙare a nan. Kuma don ku san wautar ɗan shekara 16, kwana uku ban yi wa matar nan magana ba, wai ta tona min asiri. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ajiye min abinci, ta miƙo waya ta ce kira mahaifiyarka, ko ni in kira.

27/ Na kira. Na yi bayani ina kwana-kwana. Umma ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sai ta ce, "Ƙwallon da ka ce min?" Na ce eh, amma irin tasu ce. Ta ce, "Da kai ake buga ta?" Na ce a'a. Ta ce, "To kai me ya kai naka kan?" Ba ni da amsa. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Ashe dambe muka tura ka. Da ka faɗa ai da mun kai ka gidan damben Kano, ya fi arha."

28/ Sai ta ce in ba matar wayar. Umma ba Turanci, ita ba Hausa, ni ne tafinta. Umma ta ce in ce mata ta gode, ta riƙe amana, kuma in na ƙara taɓa hular nan ta zane ni, ta ba ta izini. Na fassara rabin farko. Matar ta dube ni ta ce, faɗi sauran.

29/ Shekaru bayan haka na san labarin Dakta Bennet Omalu, ɗan Anambra, likitan binciken gawa a Pittsburgh. A 2002 ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster ya ga lalacewar da ake kira CTE, ya wallafa a 2005, likitocin NFL suka nemi a janye rubutun. Shi ne Will Smith ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2015. Turancin Najeriyar da ya yi a ciki dai, Allah ya yafe masa.

30/ Kar wani ya tsorata ya ce ina da CTE. Ita ana danganta ta da bugu a kai a kai na shekaru, ni kaka ɗaya na yi, kuma yawanci a gefe nake tsaye. Na warke cikin 'yan makonni, surar ta dawo. Amma ƙaton nan da ke gwara kai a kowace dabara tun yana yaro, shi nakan tuna.

31/ In ka ce min wasan ragwaye ne, ba ka san shi ba. In ka ce in bar ɗana ya buga, a'a. Kuma duk Fabrairu ina nan zaune ƙarfe ɗaya na dare ina kallon Super Bowl ni kaɗai, ina yi wa mai bugu addu'a ko na wane tim ne. Akwai irin wanda ba a kayarwa, ƙyalle ake fizgewa a ƙugu, za a buga shi a Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Wannan kam in yaro ya so, bismillah.

32/ Masu buga tamu ƙwallon a filin unguwa, ku ma kuna haɗa kai wajen hedin. In abokinku ya tashi yana maimaita tambaya, ko yana kare ido daga haske, ko ya yi amai, ku fitar da shi ku kai shi asibiti. Kar ku tambaye shi ko lafiya. Zai ce lafiya lau.

33/ Kafin in taho koci ya ba ni faifan wasan daren nan. Yana nan a wajena. Akwai wani siririn yaro mai lamba a baya, da ciyawa a kafaɗa, ya yi taku uku baya, biyu gefe, ya buga ta wuce. Can an jima ya sake. Na kalla ya fi sau hamsin ko zan tuna. Umma ta taɓa leƙowa ta tambaye ni wane ne wannan, na ce mata wai ni ne.