Hedifon da zafin bazara a Takur

Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin sutudiyo a Takur, a Jihar Jigawa, yana haɗa talla ko waƙar biki ya san hedifon na aiki ba ya lallashin kunne. Na kasuwa yana ƙara wa ganga nauyi don ya burge mai saye. Na sutudiyo kuwa tonon asiri ne aikinsa: numfashin mai magana, gurnanin janareton maƙwabci, har kukan babur daga titi.

Na fi sabawa da Sony MDR-7506. A 1991 ya fito, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma har yau ana ƙera shi. Rufaffe ne, don kada sauti ya koma cikin makirfo, sai dai wannan rufin ne ke wahalar da mu a watan Afrilu. An kashe fanka saboda ƙararta, kunne ya jiƙe sharkaf, fatar soson kuma in ta tsufa sai ta riƙa ɓarewa tana barin baƙin gari a wuya. Beyerdynamic DT 770 mai soson karan-miski ya fi daɗi a kai, amma akwai shi da shan ƙurar hunturu.

Ni dai da bazara bayan sallar asuba nake ɗaukar murya.