Sarkin Ƙarfi a kanmu, Shaihu Umar a gwangwani

Mu da muka tashi a zamanin silima muna da wani ilimi da babu malamin da ya biya mana shi. A Kasuwar Muda Lawal, idan an gama sauke doya, ciniki ya lafa bayan azahar, za ka tarar da dattawa a rumfa suna gardama a kan fim ɗin da aka yi tun kafin a haifi 'yan dakon da ke sauraronsu. Duk inda gardamar ta zaga, a kan mutum ɗaya take sauka, wato Dharmendra, wanda Hausawa suka naɗa wa sarautar Sarkin Ƙarfi.

Tarihinsa a bakinmu yake. An haife shi a Punjab a 1935, ɗan malamin makaranta ne, kuma gasar neman sababbin 'yan wasa ta mujallar Filmfare ce ta kai shi Bombay. Ya fara fitowa a 1960, amma sai a 1966 Phool Aur Patthar ya ɗaga shi. A Sholay na 1975 shi ne Veeru, Amitabh Bachchan ne Jai, Amjad Khan kuma shi ne bos, Gabbar Singh. Mai son kure abokin gardama sai ya tambaye shi wane yaro ne ya fito a matsayin Dharmendra yana ƙarami a Dharam Veer na 1977. Ɗansa ne na cikinsa, Bobby. Hema Malini, Basanti mai keken doki a Sholay, ita ya aura a 1980. Ya yi fim sama da 300, duk da haka Filmfare ba ta taɓa ba shi kambin gwarzon jarumi ba, sai lambar girmamawa ta aikin rayuwa da ta ba shi a 1997. Har gobe akwai dattijon da ke jin haushin wannan kamar ƙaninsa aka zalunta.

Ba ma jin Indiyanci, amma mun gane labarin, domin akwai kunya a ciki, da girmama iyaye, da auren dole, da talakan da mai kuɗi ya raina. Kwarori ne suka riƙa shigo da finafinan, mu kuma muka shigar da su gidajenmu. Fastar da aka cire daga bangon silima tana da masu jira. Sitikar jarumai tana gilashin tasi da bas, hotunansu suna shagon tela da na mai aski, kaset ɗin waƙoƙi yana cikin adaka tare da kayan Sallah.

Yau kusan babu ko ɗaya. Gara ta ci wasu, damina ta jiƙa wasu, wasu an naɗe tsire da su. Amma Sarkin Ƙarfi bai yi asarar komai ba, domin ƙasarsa ta ajiye shi. Tun 1964 Indiya ta kafa gidan adana finafinai a birnin Pune, ga mujallu, ga littattafai. Shi ya sa idan gardama ta yi zafi, yaron shago zai ce, "Baba, bari in duba muku," ya latsa waya, magana ta mutu.

To, a rumfar nan dai, ka tambaya wa ya fito a matsayin Shaihu Umar, ka ji yadda wuri zai yi tsit. Umaru Ladan ne. Adamu Halilu ya shirya fim ɗin a 1976, daga littafin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, wanda aka fara bugawa a 1934. Marubucin namu ne, kabarinsa yana cikin garin nan na Bauchi. Amma shekara da shekaru ana ɗaukar fim ɗin ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi cikin gwangwanaye a ma'ajiyar finafinai ta Jos. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta sa hannu aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Da wani bai ajiye gwangwanayen nan ba, da sai dai a ba jikokinmu labari. Mu da muka haddace sunan dokin Basanti ba mu riƙe ko fasta ɗaya ta Shaihu Umar ba.

Haka muka yi wa sauran. Kasimu Yero, na Magana Jari Ce da Karambana, ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, tsohon sojan da kowa ya sani da Samanja, ya rasu a 2023. Mutanen nan sun tara mu a gaban talabijin ɗaya, unguwa guda a tsakar gidan mai hali, amma mutane nawa ne za su iya jero wasanninsu da shekarunsu kamar yadda muke jero na Dharmendra? Abin da yawancinmu ke gani yanzu guntaye ne masu dishi-dishi da ke yawo a waya.

Ban ga laifin son da muka yi wa fim ɗin Indiya ba, ya ɗebe mana kewa, kuma daga gare shi yaranmu suka koyi abubuwa da dama na sana'ar fim. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne mutum yakan tattala abin da ya zo daga nesa, ya yi sakaci da na kusa, don yana ganin kullum yana nan. Na ga haka a zumunci, na ga haka a kasuwa, inda ake rubuta bashin baƙo a littafi, na ɗan'uwa a bar shi a ka har ya zama rigima. Abin da ke cikin kai kuwa tare da mai shi ake binne shi.

Yanzu layi ya zo kan finafinan Kano. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi dubbai, Rabilu Musa Ibro ya rasu tun 2014, kaset da faifan CD sun bar kasuwa. Saboda haka, 'ya'yana, wanda ya tsinci tsohon kaset ko fasta ko mujalla a ɗakin mahaifinsa kada ya zubar. Ya ɗauki hotonta, ya rubuta sunan fim da na 'yan wasa da shekara a bayanta, ya sa a leda ya ɗaga sama. Wanda kuma yake da dattijon da ya ga Shaihu Umar a majigi, ya zauna da shi yau, ya kunna rikoda ta waya, ya yi masa tambayoyi tun yana iya amsawa.