Bayan Gobara: Baƙo Ya Shiga Gari, Ya Ƙyale Daji

A ranar 31 ga Disamban 2019, kimanin mutum 4,000 suka taru a bakin teku a Mallacoota, wani ƙaramin gari a jihar Victoria ta Ostareliya. Wuta na ci a bayansu, sama ta yi jajir da rana tsaka. Da yawansu baƙi ne masu hutu, kuma sai da jiragen ruwan soja suka zo kwashe wasunsu. Kafin gobarar dajin ta lafa a faɗin ƙasar, ta kashe mutum 33, ta cinye gidaje fiye da 3,000.

Akwai kuma asarar da ba ta bar toka ba. A can, Disamba da Janairu ne tsakiyar zafi da dogon hutun makaranta, lokacin da garuruwan gaɓar teku ke tara abin da zai riƙe su shekara. Da hukuma ta umarci baƙi su fice, mai gidan abincin da ko hayaƙi bai taɓa bangonsa ba ya wayi gari babu ciniki, ga ma'aikata na jiran albashi.

Jama'a sun tausaya, sai dai tausayi ma yana buƙatar sanin hanya. Tufafi da abinci sun yi yawan da Firimiyan Victoria na lokacin, Daniel Andrews, ya roƙi a daina aikowa, a ba da kuɗi, domin tantance kayan ya zame wa masu aikin ceto ƙarin nauyi. Kuɗin ma ya zo da tasa sarƙaƙiyar. Mai wasan barkwanci Celeste Barber ta tara sama da dalar Ostareliya miliyan 51 a Facebook don hukumar kashe gobarar karkara ta New South Wales, amma a Mayun 2020 kotu ta yanke cewa ba za a raba wa wasu ƙungiyoyin agaji ba, ko da masu bayarwa sun so haka.

Dabarar da ta fi dacewa ita ce mafi sauƙi. Wani gangami mai suna Empty Esky ya nemi mutane su ɗauki kular sanyaya abinci babu komai a ciki, su je garuruwan da abin ya shafa, su cika ta da zuma, cuku da 'ya'yan itacen mutanen wurin, su sha mai a nan, su kwana a nan. Ciniki ya fi sadaka a wannan hali, don kuɗin na zagayawa cikin gari, kuma mai shago ya karɓa ba tare da sunkuyar da kai ba.

Daji kuwa akasin haka yake buƙata. Bishiyar turare, wadda asalinta daga can ne, takan fitar da sabon ganye a jikin gangarta makonni kaɗan bayan wuta, har mai kallo ya zaci komai ya warke. Alhali wata cikinta ya ƙone, tana iya faɗuwa ko babu iska. Ƙasar da ta rasa ciyawa na zaizayewa da kowane taku, kuma ƙananan dabbobin da suka tsira ba su da maɓoya daga kuliyoyin daji da yanyawa, balle a ƙara musu karen matafiyi. Shi ya sa mai tsallake shingen da aka rufe hanya da shi don ɗaukar hoto ba jarumi ba ne. Ma'aikatan da suka gaji zai sake fitarwa nemansa.

Wani haɗarin ma ido ba ya ganinsa. Bishiyar Wollemi, wadda aka gano a 1994, ba ta kai 200 ba a daji, kuma 'yan kwana-kwana sun cece ta daga wannan gobarar. Har yau hukuma na ɓoye kwarin da take, saboda wata cuta mai ruɓar da saiwa da ke bin lakar da ta maƙale a ƙasan takalmi da tayar mota.