'Yan Birazil a Japan: Baƙunta a Gidan Kakanni

Daga cikin al'ummomin Birazil da neman abinci ya warwatsa a duniya, waɗansu a Amurka, waɗansu a Fotugal da Ingila, babu waɗanda al'amarinsu ya kai na mazauna ƙasar Japan ban al'ajabi, domin galibinsu jikokin Japanawa ne, kamanninsu na Japanawa, sunayen zuriyarsu ma haka, amma harshen da suka tsotsa a nono na Fotugis ne, ɗabi'unsu kuwa na mutanen Sao Paulo da Parana.

Asalin lamarin ya faro ran 18 ga Yuni, 1908, sa'ad da jirgin ruwan nan mai suna Kasato Maru ya tsaya a tashar Santos ɗauke da Japanawa 781, waɗanda aka ɗebo domin aikin gonakin kofi, shekara ashirin bayan Birazil ta soke bauta, masu gonaki suna cikin matsananciyar bukatar ma'aikata. Niyyar waɗannan bayin Allah ita ce su yi 'yan shekaru, su tara abin da ya sawwaƙa, su koma gida. Ƙaddara ba ta nufa haka ba. Suka zauna, waɗansu suka biyo bayansu, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka bar fartanya suka kama ilmi, suka zama likitoci da injiniyoyi da malamai, har ya zamana babu wata ƙasa bayan Japan kanta da ta kai Birazil yawan zuriyar Japanawa.

Sai zamani ya juya. A shekarun 1980 hauhawar farashi ta addabi Birazil har albashin wata ba ya kai wa ƙarshen wata da darajarsa, a 1990 kuma gwamnatin Fernando Collor ta ƙulle ajiyar mutane a bankuna. A wannan shekarar ce kuma Japan, wadda masana'antunta suka rasa masu yi musu aikin wahala, ta gyara dokar shige da fice, ta halatta wa 'ya'ya da jikokin Japanawa su zo su zauna su yi kowane irin aiki. Hukumomi sun yi zaton jini ɗaya zai sa waɗannan baƙi su saje da jama'a ba tare da wata fitina ba, zato ne kuwa na wanda bai taɓa zama da su ba. Kafin 2007 yawansu ya haura 300,000, mafi yawa a garuruwan masana'antu irin su Hamamatsu, mahaifar kamfanonin Suzuki da Yamaha, da Toyota a lardin Aichi, da Ota da Oizumi a lardin Gunma. Dillalan ƙwadago ne ke kawo su, su ba su ɗaki, su kai su aiki a mota, su zare hakkinsu daga lada. Mutum mai digirin jami'a ya wayi gari yana ɗaure ƙusoshin mota ko yana shirya abincin kwali, mako guda da rana, mako guda da dare.

A nan ne abin da ya fi jan hankalina ya auku. Waɗannan mutane, da suke Birazil, maƙwabtansu Japanawa suke ce musu, su ma suna alfahari da haka, suna ganin natsuwa da riƙon amana da himmar karatu gadonsu ne. Da suka sauka Japan, mai gari ya ji bakinsu, ya ga yadda suke tafiya da dariya da rungumar juna a bainar jama'a, nan take ya sa su cikin sahun baƙi. Wanda aka hana shi zama ɗan gida a inda yake tsammanin gidansa ne, ba shi da mafaka sai ya rungumi abin da ya baro. Wani masanin halayyar al'umma, Takeyuki Tsuda, wanda ya yi aiki tare da su a masana'anta kafin ya wallafa littafinsa a 2003, ya lura cewa da yawa daga cikin masu fita rawar samba a titin Oizumi ba su taɓa yin ta ba a Birazil, wasunsu ma da can kallon raini suke yi mata, sai ga su a baƙunta sun ɗinka tufafin biki da hannunsu, sun ɗauki tuta mai kore da rawaya, suna rausaya gwargwadon iyawarsu.

Abin dariya kuwa shi ne, babban bikin samba na ƙasar, wanda ake yi a unguwar Asakusa ta Tokiyo tun 1981, wajen ƙarshen lokacin zafi, akasarin masu yinsa Japanawa ne tsantsa, waɗanda suka ɗauki abin tamkar darasi, suna bita wata da watanni, wasu har sukan je Rio de Janeiro ƙaro sani. Sau da yawa su suka fi jikokin nan ƙwarewa a taka rawar. Amma a ganina rawar Oizumi, duk da rashin tsarinta, ta fi ta Asakusa nauyi, don ita ta Asakusa sha'awa ce, wannan kuwa bukata ce.

Shi garin Oizumi, mai mutane kimanin 40,000, wanda kusan ɗaya cikin goma na mazaunansa 'yan Birazil ne, ya yi kama da zangon Hausawa a Kumasi: ana cikin ƙasar wasu, amma da ka shiga sai harshe da ƙamshin abinci su canza. Allunan shaguna da Fotugis aka rubuta su. A kanti za ka tarar da baƙin wake buhu-buhu, da garin rogo, da lemon guarana, da ɗan burodin nan na rogo da cuku wanda suke ci da kofi da safe, ga kuma mahauci yana yanka nama manya-manya, ba siriri-siriri irin na Japanawa ba. Ran Lahadi, ranar da injuna suka huta, iyalai sukan ɗauki gawayi da akwatin ƙanƙara su nufi bakin kogi, a tsire nama a dogayen ƙarafa ba a sa masa komai ba sai gishiri mai tsakuwa, maigida yana juyawa yana yanko wa kowa a kan katako, rediyo na tashi, yara na buga ƙwallo, ba a watsewa sai rana ta faɗi. Akwai kuma feijoada, dafa-dukan baƙin wake da suke ji da shi, sai dai Musulmin da aka gayyata ya yi hattara, domin da naman alade ake yin ta. A watan Yuni makarantunsu da majami'unsu sukan shirya bikin ƙauye na waliyyan Katolika, a sa hular kaba da riga mai faci, a ci masara. Majami'un kuwa, na Katolika da na masu bishara, su ne wurin da sabon zuwa yake samun tafinta da labarin aiki da wanda zai raka shi asibiti. A 1991 aka kafa jaridarsu, International Press, daga baya aka sami tashar talabijin mai kawo musu wasannin kwaikwayon gida.

Fasaharsu ba ta tsaya a unguwa ba. Lisa Ono, wadda aka haifa a Sao Paulo a 1962 ta koma Tokiyo tana 'yar shekara goma, ita ce ta fi kowa shigar da kiɗan bossa nova gidajen Japanawa. Tizuka Yamasaki, wadda ta yi fim a 1980 a kan zuwan kakanni Birazil, ta sake yin wani a 2005 wanda ya biyo jikoki zuwa Japan, shi kuma Katsuya Tomita ya fito da Saudade a 2011, labarin leburori da matasa mawaƙa a garin Kofu. Ƙwallon ƙafa kuwa ta riga kowa buɗe ƙofa, tun da ɗan wasan Birazil Zico ya zo a 1991 ya raya ƙungiyar da ta zama Kashima Antlers, har aka kafa masa mutum-mutumi a can, aka kuma ba shi horar da 'yan wasan ƙasa daga 2002 zuwa 2006. Sai dai girmamawar da ake yi wa ɗan Birazil a filin wasa ba kullum take bin sa zuwa gidan haya ba.

Zaman ya sha gamuwa da tsangwama, kuma ba a kan manyan abubuwa ba: hayaniyar dare, da ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba, da rarrabe shara, wadda Japanawa suka ɗauka kusan farilla, kowane iri da ranarsa da jakarsa. A rukunin gidajen Homi na garin Toyota abin ya kai ga zaman ɗar-ɗar a 1999. A shekarar ce kuma wata 'yar jarida, Ana Bortz, wadda aka kora daga wani shagon kayan ado a Hamamatsu don kawai ita baƙuwa ce, ta yi nasara a kotu aka yanke a biya ta diyyar yen miliyan 1.5, hukuncin da ya zama abin kafa hujja a sha'anin wariya.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo da karyewar tattalin arzikin duniya a 2008, lokacin da masana'antu suka fara sallama daga kan 'yan kwantiragi. A 2009 gwamnatin Japan ta yi tayin yen 300,000 ga kowane ma'aikaci, da 200,000 ga kowane mutum na iyalinsa, bisa sharaɗin ya tafi kada ya dawo da irin iznin zaman da ya shigo da shi. Kimanin mutum 20,000 suka karɓa, da yawa kuma suka ɗauki tayin a matsayin sallamar baƙon da aka gama cin moriyarsa, ko da yake an sassauta sharaɗin a 2013. Waɗanda suka rage, sama da 200,000, ba 'yan ci-rani ba ne kuma: sun sayi gidaje, da yawa sun karɓi iznin zama na dindindin, na farkon zuwa sun manyanta har ana maganar fanshonsu da masu jinyarsu. Matsalar da ta fi damun iyaye a yau ita ce ta 'ya'ya, domin dokar karatun tilas ba ta hau kan ɗan baƙo ba, makarantun Fotugis masu zaman kansu suna da tsada, yaron da ya shiga ta gwamnati kuwa yakan tashi da Japananci a bakinsa, uwa ta yi masa magana da Fotugis ya mayar mata da harshen makaranta, har wani lokaci shi ne zai raka ta ofishin hukuma ya yi mata tafinta.