Duwatsun Birni da Autanmu



A cikin hunturun bana Allah Ya nufe mu da komawa Damagaram domin ziyarar mahaifa. Mun bar Yamai bayan sallar asuba, muka ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maradi da Tasawa, tafiyar kusan kilomita 900, ba mu sauka ba sai da dare ya yi. Da gari ya waye muka gaida Malam mahaifinmu a ƙofar masallaci, sa'an nan muka nufi unguwar Birni a ƙasa, domin akwai wanda muka zo tunawa.

Duk wanda ya san Zinder ya san Birni: lunguna ƴan matsatsi, gidajen ƙasa masu zane a fuska, da manyan duwatsu da suke zaune a tsakanin gidaje. Nan fadar Sarkin Damagaram take, nan kuma ake ganin abin da ya saura na ganuwar zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884, har aka ƙera igwa a garin. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a nan a ƙarshen 1852. Garin ya kuma riƙe hedkwatar Nijar ta zamanin Faransawa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Wannan duka mun koye shi a lakwal. Amma wanda ya koya mana kallon Birni shi ne ƙanenmu, autan gidanmu, wanda ya rasu yana da shekara 17.

An haife shi da amosanin jini, wato sikila. Tun yana ƙarami ba ya iya guje-guje da tsaransa, saboda haka idan yara sun hau duwatsu, shi sai ya zauna a gindinsu da littafin rubutu da alƙalami. Kowane dutse ya raɗa masa suna: ga Raƙumin da Ya Gaji, ga Tsohuwa Mai Tagumi, ga Ladan Mai Gajeren Wuya. Yakan ce mana duwatsun nan ayarin gishiri ne daga Bilma, sun nufi Zango, magariba ta riske su a nan, suka durƙusa, sai iskar garin ta yi musu daɗi suka ƙi tashi. Malam yakan yi murmushi ya ce: "Auta, tatsuniya ce dai ko?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce: "Tatsuniya ce, Baba, ƙurunƙus."

Mutanen Zinder sun san tsadar ruwa, sun san jiran ƴan ga-ruwa a lokacin bazara. Likita ya umarce shi da yawan shan ruwa, domin ƙishirwa da sanyi da zazzaɓin cizon sauro su ne suke tayar da ciwon. Duk da haka sai mu tarar ya rage kaɗan a moɗa ya zuba wa tattabaru a kasko. Idan ciwo ya tashi cikin dare, ƙasusuwa suna yi masa kamar ana sara, abin da ya fi faɗi shi ne: "Inna, ki yi haƙuri, na hana ki barci."

Mun tsaya a gindin dutsen da yake kira Raƙumi, muka daɗe ba mu ce komai ba. A nan muka tuna yadda wasu maƙwabta suka riƙa cewa iskoki ne, wasu suka ce maita. Malam bai taɓa yarda ba. Yakan yi masa addu'a, sa'an nan ya ce a ɗauke shi zuwa asibiti, yana tunatar da mu cewa neman magani ba ya saɓa wa tawakkali. A wani daren hunturu irin na bana ciwon ya kama masa ƙirji, aka yi iyakar ƙoƙari, wa'adi ya cika.

Ya ku iyaye, ga abin da gidanmu bai sani ba sai daga baya. Wannan cuta gadonta ake yi daga uwa da uba baki ɗaya. Mutum yana iya ɗauke da rabinta, wato jinin AS, yana cikin ƙoshin lafiya bai sani ba. Idan biyu masu AS suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Iyayenmu auren zumunci suka yi, a zamanin da ba wanda ya ba su labarin gwaji, kuma ba mu ɗora musu laifi ba. Mu kuwa ba mu da wannan uzuri. Gwajin jinin da likitoci ke kira elektroforez yana bayyana matsayin kowa, akwai cibiyar ƙasa ta wannan cuta a Yamai, kuma tun 2009 duniya ke tunawa da masu fama da ita kowace ranar 19 ga Yuni. Tun rasuwar Auta, duk wanda ya zo wa Malam da maganar ɗaurin aure, yakan tambaye shi cikin sirri ko an yi gwaji tun kafin a kai kayan gaisuwa.

Wanda kuma Allah Ya riga Ya ba shi yaro mai wannan lalura, ya kiyaye masa sanyi, ya kwantar da shi cikin gidan sauro, ya yawaita masa ruwa, kada a kira shi malalaci idan ya kasa aiki. A ba shi littafi da alƙalami, a kuma saurare shi idan yana magana.

Kafin mu koma gida mun biya maƙabarta muka yi masa addu'a. Da yamma Inna ta buɗe adaka ta fito da littafinsa. A shafin ƙarshe akwai zanen duwatsun Birni sun miƙe tsaye da kayansu, sun kama hanya.

Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya jiƙan namu da naku, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.

Wassalamu alaikum.